Darasi na 9: Gano Matsalar Wuta a Keken da Aka Mayar Mai Lantarki

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. lissafa tashoshi biyar da wuta ke bi daga batir zuwa taya;
2. auna batir da caja da totur da mita, ya kuma fahimci lambar da ya gani;
3. gane inda matsala take daga alamar da keke ya nuna;
4. sanin aikin da zai yi da kansa da wanda zai kai wa gwani.

Gabatarwa

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Duk wanda ke tasowa daga Arkilla ko Mabera zuwa Babbar Kasuwar Sakkwato kowace safiya ya ji wannan a aljihunsa, ko mashin ɗinsa yake hawa, ko kabu-kabu. Shi ya sa tsohon keken da aka jingine a zaure ya sake daraja: a saya masa inji da batir, a ɗaura, ya yi tafiya ba da fetur ba.

Abin hawa mai lantarki ba baƙo ba ne a Sakkwato. Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar nan, shi ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. A 2021, yana shugabancin hukumar NADDC mai kula da ƙirar motoci, aka buɗe tashar cajin motoci da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Abin da ya rage mana shi ne hannun da zai gyara ƙananan abubuwan hawan da talaka ke iya mallaka.

A makonnin farko bayan haɗa keke ake yawan samun matsala, kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗi wajen canza kayan da lafiyarsu ƙalau. Ƙa'idar wannan darasi guda ce: a bi wuta daki-daki, a auna kafin a canza.

1. Hanyar da wuta ke bi

Manomin albasa a fadamar Kwalkwalawa, in ya ga fangali ya bushe, ba ya rugawa kasuwa sayen sabon injin ban-ruwa. Daga rijiya yake farawa: akwai ruwa? Sai ya duba inji, ya bi tiyo taku-taku har ya iske inda ya lanƙwashe ko ya ɓule. Haka za mu bi wuta. Bolt, wanda ake rubutawa da harafin V a jikin batir, shi ne ƙarfin turin ruwan. Amfiya, mai harafin A, ita ce yawan ruwan da ke wucewa. In ka ninka bolt da amfiya, ka sami wat, mai harafin W.

Tashoshin biyar ne:

Batir. Shi ne ma'ajiyar wuta. Akwai na litiyom, akwai na dalma irin masu bolt 12 da ake jerawa uku ko huɗu. A cikin na litiyom akwai ɗan allon tsaro da masu gyara ke kira BMS. Aikinsa ya yanke wuta in an ja fiye da ƙima, ko caji ya yi ƙasa sosai, ko wayoyi sun haɗu.

Fiyus da makulli. Suna tsakanin batir da sauran kaya.

Kwantirola. Ƙaramin akwatin alminiyom mai wayoyi da yawa. Ita ke karɓar wuta daga batir, ta aika wa inji gwargwadon umarnin da aka ba ta.

Masu ba da umarni. Totur, sansar feda, hannuwan birki da allon da ke kan keke.

Inji. Yawanci a cibiyar taya yake, ta gaba ko ta baya. Wayoyi masu kauri uku ke shiga cikinsa, rawaya da koriya da shuɗiya, tare da sirara biyar na sansa.

2. Kafin ka taɓa komai

Cire zoben azurfa da agogon ƙarfe. Bolt 48 ba ya fizgar mutum kamar wutar NEPA, amma in zobe ya haɗa jar waya da baƙa, zai yi zafin da zai ƙona yatsa cikin ƙiftawar ido.

Ka ɗaga tayar da ke da inji ta bar ƙasa, don kada keke ya zabura in wuta ta dawo ba zato. Ka kashe makulli, ka zare batir kafin ka cire ko ka jona kowane filogi. Ka yi aiki a inuwa, a ƙasa busasshiya, yara na nesa. Kada ka gwada batir ta hanyar goga wayoyinsa biyu don ganin tartsatsi. Wannan ɗabi'a na kashe BMS, tana kuma iya tada gobara.

Kayan aikinka: mitar awon wuta, sukundireba, sifana, baƙin salatif, fiyus na ajiya, da littafin rubuta lambobi.

3. Yadda ake auna batir

Juya mita zuwa DC, a kan 200. Ɗora jan tsinke a kan alamar (+), baƙin tsinke a kan (−). Ga abin da lambar ke nufi:

Batirin litiyom mai 36V: in ya cika, 42, in ya kusa ƙarewa, wajen 31.
Batirin litiyom mai 48V: in ya cika, 54.6, in ya kusa ƙarewa, wajen 40.
Batirin dalma mai 12V: in ya cika ya huta, 12.6 zuwa 13 kowane ɗaya.

A lura da kyau: batirin 48V da ya nuna 48 bai cika ba, kusan rabinsa ya tafi. Masu koyo da yawa nan suke ruɗewa.

In batiran dalma ne a jere, auna su ɗaya bayan ɗaya. Uku na iya nuna 12.8, na huɗu ya nuna 10.5. Wannan ɗayan shi ke ja da sauran baya.

In batirin litiyom ya nuna sifiri ko wata lamba ƙasa ƙwarai, mai yiwuwa BMS ne ya rufe ƙofa. Jona shi a cajarsa na 'yan mintoci, kana tsaye a wurin, sannan ka sake aunawa. Sau da yawa hakan na buɗe shi.

4. Karanta alamar da keke ya nuna

Alama ta farko: komai a mace, ko allo bai kama ba.

Matsalar tana tsakanin batir da kwantirola. Auna bakin batir. In da wuta, auna bayan fiyus, sannan bayan makulli, sannan a manyan wayoyi biyu, ja da baƙa, da ke shiga kwantirola. Inda lamba ta ɓace, nan ne ciwon. Kwantirola da yawa na da wata siririyar jar waya ta makulli. In mai haɗawa ya manta bai jona ta ba, akwatin ba zai farka ba ko da batir ya cika maƙil. In fiyus ne ya ƙone, sa wani mai lamba iri ɗaya. Kada a maye shi da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli. In sabon ma ya ƙone nan take, akwai wayoyin da suka haɗu, sai an nemo su.

Alama ta biyu: allo ya kama, taya ba ta juya ba.

Ga irin hirar da akan ji a rumfar mai gyara:

Mai keke: Salamu alaikum, Oga, sannu da aiki. Keken ga ya ƙi. Shekaranjiya anka haɗa mini shi, yau ko motsi ba ya yi. Ina ga kwantirola ta ƙone.
Mai gyara: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ji ƙauri?
Mai keke: A'a.
Mai gyara: In ka murɗa makulli, allo na kamawa?
Mai keke: Yana kamawa sarai.
Mai gyara: To wuta na isa. Keken ya faɗi ne?
Mai keke: Jiya yara sunka kada shi a zaure.
Mai gyara: Dubi hannun birkin hagu, Malam. Bai koma wurinshi ba.

A cikin hannun birki akwai ɗan makunni da ke gaya wa kwantirola ta yanke inji duk lokacin da aka taka birki. In hannun ya maƙale ko ya lanƙwashe, kwantirola za ta ɗauka birki ake riƙe da shi har abada. Zare filogin birkin biyu, ka gwada totur. In taya ta juya, ka gano. Wannan gwaji ne kawai. A gyara makunnin a mayar kafin a hau titi.

In ba birki ba ne, koma kan totur. Wayoyinsa uku ne. Tsakanin ja da baƙa ya kamata ka ga kusan bolt 5. Tsakanin baƙa da ta ukun, wadda yawanci koriya ce ko fara, za ka ga wajen bolt 1, kuma yana hawa zuwa wajen 4 yayin da kake murɗawa a hankali. In akwai 5 amma lambar ba ta motsi, totur ne ya lalace, kuma shi ne mafi arha a cikin kayan. In babu 5 ɗin sam, a bi wayar zuwa kwantirola.

Mai sansar feda ya duba faifan maganaɗisun da ke gindin feda. Dole ya matso kusa da sansa, tazarar ba ta wuce 'yan milimita ba, kuma fuskar da kibiya ta nuna ta dace da juyin feda.

Alama ta uku: inji na gurnani, yana karkarwa, ko yana juyawa baya.

Wuta na isa inji, amma ba bisa tsari ba. Fara da babban filogin inji. Yana da kibiya biyu da dole su fuskanci juna, kuma sai an tura shi ya shige har layin da aka zana. Filogin da ya shiga rabi shi ne sanadin gurnani mafi yawa a sabon haɗi. Leƙa ciki ko wani fil ya lanƙwashe.

Daga nan duba inda waya ke fitowa daga sandar cibiyar taya. In notin taya bai ɗauru sosai ba, ƙarfin inji kan juya sandar a cikin ƙafar keke, ta nannaɗe wayar ta yanke ta. Keken da aka ƙera don ƙarfin ƙafar mutum yana buƙatar ƙarfen tallafi da zai riƙe sandar, musamman in injin a tayar gaba yake.

In inji da kwantirola ba daga kamfani ɗaya suka fito ba, launin waya na iya dacewa amma tsarin bai dace ba. Kwantirola da yawa na da wayoyi biyu na koyo, yawanci farare. A ɗaga taya, a jona su, a kunna. Inji zai juya da kansa. In gaba ya juya, a kashe, a raba su. In baya ya juya, a raba a sake jonawa.

Gwajin kwantirola: batir a cire, juya tayar da ke da inji ta yi baya da hannu. In ta yi nauyi tana cijewa, amma da ka zare filogin inji ta saki, to wani transisto ya ƙone a cikin kwantirola. A nan canza ta ya zama daidai.

Alama ta huɗu: keke na tafiya, sai ya yanke.

Tambaya ɗaya ke raba gardama: da ya yanke, allo ya mutu ko yana nan a kunne?

In allo ya mutu tare da inji, daga ɓangaren batir ne. Ko dai wani joni ne ke kwance yana rabuwa a gargada, ko BMS ne ya yanke. Duba lambobin da ke jikin kaya. Injin wat 1,000 a kan bolt 48 na jan kusan amfiya 21. In BMS ɗin na amfiya 15 ne, keke zai yi lafiya a miƙaƙƙen titi, amma da ka fito daga fadama ka kama hawan shiga gari da buhu a kariya, zai ɗauke. Babu abin da ya lalace. Kayan ne ba su dace da juna ba.

Haka in aka haɗa batirin 36V da kwantirolar 48V. Ita tana yanke wuta a wajen bolt 40, shi kuwa cikarsa 42. Keke zai yi 'yar tafiya kaɗan ya tsaya, alhali batir na da caji. Akasin haka ya fi muni: batirin 48V na iya ƙona kwantirolar 36V.

Batirin da ya gaji kan nuna lamba mai kyau a tsaye, ya zube da an ɗora masa nauyi. Kalli bolt a allo lokacin hawa. Saukar 2 zuwa 4 ba komai. In ya faɗo daga 50 zuwa 41, batirin ya yi rauni ko ya yi wa injin ƙanƙanta.

In allo na kunne inji ya ɗauke, a duba makunnin birki, filogin inji, da zafin kwantirola. Bayan tafiya, kashe makulli ka taɓa kowane joni da bayan hannu. Wanda ya yi zafi kwance yake. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba ta ɗaukar amfiya 20. A liƙe ta da dalma ko a sa filogi mai kauri.

Alama ta biyar: caji ba ya kai ka inda aka yi maka alkawari.

Yi lissafi. Ninka V da Ah (lambar girman ma'ajiya) da ke jikin batir: 48 sau 10 ya ba da 480. In muka ɗauka kowace kilomita na cin 15 daga cikin 480 ɗin, batirin zai kai kilomita 32. Yashi, kaya, iska da rashin taka feda duk suna rage wannan. Tayar da ba ta da iska da birkin da ke gogar gargare su ma ɓarayin caji ne, kuma gyaransu kyauta ne.

Sikeli ma na faɗin gaskiya. Ƙwayar litiyom mai lamba 18650 nauyinta kusan giram 45 ne. Batirin 48V 10Ah da aka yi da ƙwayoyi masu 2.5Ah na ɗauke da guda 52, wato sama da kilo 2 ban da kwanso. Wanda aka rubuta masa 48V 20Ah amma bai wuce kilo 2 ba, rubutun ƙarya ne. Ka auna kafin ka biya.

5. Zafi, ƙura da ruwa

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, batirin litiyom kuwa ba a son a yi masa caji sama da digiri 45. Keken da ya wuni a rana a bakin kasuwa, a bar batirinsa ya huce a inuwa kafin a jona caja. Kada a cusa kwantirola cikin jaka ko a naɗe ta da leda. Kwanson alminiyom ɗinta iska yake nema. In hawa ya yi tsawo da tsakar rana, taimaka wa inji da feda.

Da hunturu, ƙura na shiga filogi da ramin makulli. A zare, a busa, a goge da busasshen burushi. Da damina, a unguwannin da ruwa ke kwanciya kamar Mabera, kada a shiga ruwan da ya kai cibiyar taya. A sa wayar inji ta fara yin ƙasa kafin ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga ƙasa. Kada a kai keken wurin wankin mota mai feshi da ƙarfi.

6. Caja da caji

Kowane batir da cajarsa. Ta 36V na fitar da 42, ta 48V na fitar da 54.6, a duba rubutun bayanta, a auna bakinta. Cajar batirin dalma mai 48V na kaiwa kusan 59, don haka haɗari ce ga na litiyom ko da bakinsu ya shiga juna. In fitilar caja ta nuna kore nan take alhali batir bai cika ba, a duba ramin caji da ɗan fiyus ɗinsa.

Wutar Kaduna Electric ce, ko janareta, ko sola, in tana hawa da sauka a sa sitabilaiza, kuma a zare caja in an ɗauke wuta. A yi caji a kan siminti, nesa da katifa da zana da galan ɗin fetur, ba a bakin ƙofar da iyali za su fita ba. Kada a jona a kwanta barci. Kuɗin batir ana iya sake nemansu, rai kuwa ba a mayar da shi.

7. Inda aikinka ya tsaya

Kai wa gwani in an kai ga buɗe batir, canza BMS, ko canza sansar cikin inji. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko yake zafi ba a amfani da shi, a fitar da shi fili nesa da mutane, kada a sake yi masa caji. In ya fara hayaƙi, kowa ya ja baya, a kira 'yan kwana-kwana. In za ka je wurin gwani, tafi da lambobin da ka rubuta. Mai gyaran kirki zai ji daɗinsu, wanda ba na kirki ba zai san ba a rufe ka zo ba.

Taƙaitawa

Wuta na tashi daga batir, ta bi fiyus da makulli, ta shiga kwantirola, ta jira umarni, ta isa inji. A sabon haɗi, yawancin matsala daga joni take ko daga kayan da ba su dace da juna ba. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: birki, filogi, noti, iskar taya. Sannan mita. Saye shi ne na ƙarshe.

Tambayoyi

1. Lissafa tashoshi biyar na wuta bi da bi.
2. Batirin litiyom mai 48V ya nuna 47.5. Ya cika? Ba da dalili.
3. Allo ya kama, taya ba ta juya ba. Wane abu za ka fara dubawa, kuma don me?
4. Keke ya yanke a hawa, allo ma ya mutu. Kawo dalilai biyu.
5. Injin wat 500 a kan bolt 36 amfiya nawa zai ja?
6. Batirin 36V 12Ah kilomita nawa zai kai in kowace kilomita na cin 15?
7. Me ya sa ba a jona caja da zarar an dawo daga rana?

Aikin aji

Ku rabu uku-uku. Malami zai ɓoye matsala guda a keken gwaji: ya sassauta filogi, ko ya cire fiyus, ko ya maƙale hannun birki. Ɗaya ya riƙe mita, ɗaya ya rubuta lamba, ɗaya ya faɗi mataki na gaba. Ba a yarda a taɓa tasha ta gaba ba sai an rubuta sakamakon ta baya.

Aikin gida

Nemi keke ko mashin mai lantarki a unguwarku, da izinin mai shi. Kwafo lambobin V da A da W da Ah daga jikin batir, kwantirola, inji da caja. Rubuta layi biyar kana bayyana ko kayan sun dace da juna, ka kawo aji mako mai zuwa.